Shekarar da Aka Yi Zaɓe da Dabino

Duk wanda ya ɗauki alƙalami zai rubuta tarihin zaɓe a duniya, tun daga Girkawan dā masu jefa tsakuwa a tukunya har zuwa na'urar yau mai duba zanen yatsa, littafinsa bai kammala ba muddin bai biyo ta wani ƙauye a bayan Falgore ta ƙasar Rogo ba, ya zauna a gindin wata ɗorawa, ya tambayi abin da ya faru da wani tulu a cikin wani azumi. Na yi shekaru ina koyar da tarihi. Na sa yara sun haddace sunayen sarakunan da ba su taɓa jin labarin Ƙaraye ba, amma wannan babin ban taɓa samun sa a manhaja ba.

Ledar dabino ce ta tuno mini da shi. Bana azumi ya faɗo a bakin bazara, lokacin da rana take fara gwada ƙarfinta a kan kwanon rufi, mutum ya yi ta juya tabarma yana bin inuwa. Rabi, 'yata ta biyu, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata gare ta, tana aiki a wani kamfanin casar shinkafa a nan Ƙaraye, ɓangaren ɗinke buhu. Ranar Juma'a bayan la'asar ta shigo, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye leda a gefen tabarma.

"Baba, ga na buɗa-baki. Kamfani ne ya raba mana."

Na ce, "Ashe kamfanin naku ya ga wata bana. Bara ko ƙwallo ban gani ba."

Ta yi dariya, sannan ta gaya mini dalili. Asabar mai zuwa za su kaɗa ƙuri'a a kan ko ƙungiyar ma'aikata ta shigo kamfanin ta riƙa magana da yawunsu, ko kuwa a ci gaba da zama yadda ake. Tun da aka sa rana, manaja ya koyi sunayen mutane, an gyara fankar da ta shekara a mace, ga kuma dabino. Wasu sun ce ƙungiya ce mafita, wasu sun ce cin kuɗin talaka ne kawai. Ita dai ta rasa inda za ta dangwala, shi ya sa ta zo wurina, tun da na yi zaman ƙungiyar malamai har na yi ritaya.

Na zaro dabino ɗaya na juya shi a hannu. Mai laushi ne, yana sheƙi, irin wanda yanzu ake turawa a baro a bakin kasuwa, yara ma su ɗanɗana su yar. Na ce ta gyara zama, akwai sauran lokaci kafin magariba.

A shekarar da nake magana ina sabon malami, ko gemu ban tara ba, aka tura ni firamaren wancan ƙauye. Malamin ƙauye a wancan zamani ba haya yake kamawa ba. Mai gari ne zai duba gidan da ke da shago a jikin zaure, ya ce ga baƙonku. Ni gidan Baba Ila aka kai ni. Dogon mutum ne, maganarsa ba yawa, yana da mata ɗaya, Iya Abu, da 'ya'ya ƙanana. Yana da 'yar gonarsa ta gado, amma abin da ke riƙe da gidan shi ne aikin gonar kamfani. Wani kamfanin birni ne ya sari daji mai faɗi a gabas da gari yana noman masara da tarakta, kuma Baba Ila yana cikin waɗanda suka fara sa gatari a dajin.

Daminar da ta gabata ba ta yi kirki ba. Gero ya fid da kai, kan ya tsaya ba ƙwaya. Tun kafin bazara ta raba, mata suka fara shiga cikin rumbu da tsintsiya maimakon su miƙa hannu daga sama. Saboda haka abin da ya fi albashi daraja a gonar kamfani shi ne awo. Kowace Alhamis Garba, helman ɗin gonar, wato shugaban leburori, zai buɗe sito ya auna wa kowane ma'aikaci masara a kwano. Kuɗi ana ba su, amma kuɗi ba ya sayen abin da babu shi a kasuwa.

Ruwan shuka ya sauka da kyau. Har yau ina jin ƙamshin ƙasar nan ta safiyar da muka fita, kowa da sungumi, mata da yara suna bin baya suna zuba iri suna takewa da diddige. Shuka ta fito kore shar. Sai ruwa ya ɗauke, a daidai lokacin kuma aka ga watan azumi.

Wanda bai yi azumi a cikin farin damina ba bai san wani irin zafi ba. Zafin bazara busasshe ne, ka san da shi, ka shirya masa. Wannan kuwa zafi ne mai gumi, mai sa rai. Kullum bayan azahar hadari zai haɗu a gabas, baƙi ƙirin, har tsuntsaye su yi shiru, mata su fara kwashe shanya. Sai wata iska ta taso ta watsa shi kamar yaran da aka kaɗa wa ƙararrawar tashi. Ganyen masara ya naɗe. An fita roƙon ruwa, an dawo da ƙura a goshi. Ga noman firi, wato noman farko, ba ya jira, domin ciyawa ita ba ta san da fari ba. Mutane suna sunkuye a kan fartanya tun hantsi, leɓe ya yi fari, yawu ya ƙafe, in mutum ya miƙe sai ya ga gonar tana juyawa.

A cikin gida Iya Abu ce ke yaƙin. Da safe za ta surfa masarar awo, ta ware dusar a gefe, ba don akuya ba, don ta san za a dawo kanta. A farkon wata tuwo muke sahur da shi, da miyar kuka. Da aka ɗan yi nisa tuwon ya fara sakin jiki har ya koma fate, faten ya cika da rama da tafasa, sai ka tona da cokali kafin ka gamu da tsaki. Buɗa-baki kunun tsamiya ne ba sukari, da kwaɗon ganye, wani lokaci da ƙanzon da aka jiƙa. Amma duk yamma za ta aiko mini da kwanona a rufe da faifai, kamar gidan sarkin noma ne. Kwanona a cike, na Baba Ila ya ɗan faɗa, nata kuwa ban taɓa ganin sa ba. Da na yi magana sai ta aiko da amsa cewa mai koyar da yara da ka yake aiki, kai kuwa ba ya aiki da yunwa.

A cikin goman farko aka kawo Baba Ila gida a amalanke. Suna ɗaura garmar tarakta ne ƙarfen ya suɓuce ya sauka a kan ƙafarsa ta dama. Mai ɗori ya zo ya yi iya yinsa, ƙafar ta tsira, amma kowa ya gani ba za ta sake bin kunya daga wannan kai zuwa wancan ba. Bayan kwana kaɗan Helman Garba ya zo dubiya da saƙon manaja. Kamfani ya jajanta. Awo zai ci gaba har Sallah. Bayan Sallah kuwa babu gurbin wanda ba ya iya riƙe fartanya. Daga Sallah zuwa sabon gero akwai tafiya, kuma ita ce tafiyar da ta fi kowace wuya a shekara. Baba Ila ya ce ya gode. Daga cikin gida na ji taɓaryar Iya Abu ta tsaya, can kuma ta ci gaba.

Ana cikin haka wata motar ɗaukar kaya ta sauke wani siririn mutum da jaka a kafaɗa. Sunansa Bala, amma Kwamared kowa ke ce masa. Daga Kano ƙungiyar ma'aikatan gona ta turo shi. A masaƙa ya fara aiki, kuma inji ya tafi da yatsunsa biyu na hagu, don haka da ya zo duba Baba Ila ba su yi doguwar magana ba. Ya dubi ƙafar, Baba Ila ya dubi hannun, suka yi wa juna sannu.

Gindin ɗorawar da ke bakin gonar nan ya zama majalisa. Da tsakar rana ake ba leburori hutu, kuma tun da babu abin ci, sai su kwanta su rufe fuska da hula su saurara. Ni ma in na tashi yara can nake zuwa. Ban taɓa ganin aji mai natsuwa irin wannan ba, domin babu mai ƙarfin surutu sai mutum ɗaya, Tanko, taubashin Baba Ila, wanda ko yunwa ba ta iya rufe masa baki.

Tanko ne ya yi tambayoyin da kowa ke riƙe da su a ciki. Ya tambaya abin da za a riƙa yanka daga albashinsu da sunan ƙungiya, hannun wa zai shiga, kuma wa zai zo ya gaya musu abin da aka yi da shi. Ya tambaya in manyan ƙungiya a Kano suka ce a ajiye aiki a tsakiyar noma, su bar masara ga ciyawa ke nan, to awon baɗi daga wane sito zai fito. Ya tambaya masu aikin damina kaɗai, waɗanda ake sallama da kaka, suna ciki ko kuwa rakiya suka zo. Ya kuma tambaya wa zai tsaya gaban manaja, ɗan garin ko ɗan birni, domin hanyar nan in ruwa ya zauna ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi ta.

Kwamared bai yi musu ado ba. Wasu ya amsa, wasu ya ce sai ya tambayo, ya kuma ce wakilinsu daga cikinsu za su fitar, ba daga birni ba. Da aka zo kan maganar Baba Ila sai ya tashi zaune.

"Ba zan yi muku ƙarya da azumi a bakina ba. Ƙungiya ba ta mayar da ƙafa, ba ta saukar da ruwa. Abin da take iyawa shi ne ta sa manaja ya zauna ya saurare ku a tare, abin da aka amince kuma a rubuta shi, ya hau kan kowa. In kun shigar da mu, maganar farko da zan kai ita ce a ba Malam Ila gadin sito, awonsa ya ci gaba. Ban ce zan samu ba. Na ce zan kai."

Shi ma manaja bai zauna ba. Aka yashe rijiyar gona, aka yi alkawarin takalman roba, ya riƙa tsayawa yana tambayar mutane iyali. Ya ce su 'yan gida ɗaya ne, me zai sa a kawo baƙo tsakani. In za a yi adalci, ba duk maganarsa ce iska ba. Motar kamfani ta taɓa ɗaukar mai naƙuda zuwa Rogo, kuma ana ganin sa a jana'iza. Akwai dattawan da suka ce in komai ya koma takarda, ranar da aka nemi motar za a ce ba ta cikin takarda. Wannan tsoro ne na gaskiya, ban taɓa raina shi ba.

Kowace yamma Tanko yakan biyo ta ƙofar gidanmu, inda Baba Ila ke zaune a tabarma da ƙafa a kan turmi. Daga nesa zai fara.

"Sannu mai ƙafa ɗaya da rabi. Yau ma kai ne sarkin hutu."

"Rabin nan ma ya riga naka biyun zuwa masallaci."

Wata rana, bayan sun gama irin wannan, Tanko ya ce kada ya damu, duk gona ta gama magana, ƙungiya za a shigar saboda shi. Baba Ila ya dubi ƙafarsa ya amsa.

"Kada ka jefa don ni, taubashi. Ka jefa don ranar da garmar za ta sauka a kan taka."

Kamfani ya yarda a yi ƙuri'a, aka sa rana a tsakiyar wata. Sai aka zo kan yadda za a yi ta. Kwamared ya zo da takardu da tawada, mutane suka ce atafau ba za su dangwala ba, domin rabonsu da dangwala yatsa tun ranar da aka wayi gari dajin kiwonsu ya zama gonar kamfani. Aka kira ni in zama shaida, tun da ni ba ma'aikacin gona ba ne. Ni kuwa da ɗanyen ilimina na kawo musu Girkawa: farar tsakuwa amincewa, baƙa ƙi. Aka bazu nema. Duk tsakuwar yankin ja ce.

Nan Kwamared ya buɗe jakarsa ya fito da ƙunshi. Dabino ne ya sayo a Kano da kuɗin aljihunsa, da nufin in an gama ƙuri'a ya raba a yi buɗa-baki. Ya ce to ga mafita: kowa za a ba shi dabino ɗaya da tsakuwa ɗaya. Mai son ƙungiya ya jefa dabino, wanda ba ya so ya jefa tsakuwa, abin da ya rage a hannunsa nasa ne, ya sa a aljihu. Abu mai daɗi ga abu mai daɗi, in ji shi. Kowa ya ce tsarin ya yi, har da ni.

Tulun Iya Abu aka ara, mai ƙaramin baki, don kada ido ya leƙa. Ita ce ma ta tuna cewa tsakuwa tana da ƙara, dabino ba shi da ita, sai ta zuba dusa a gindin tulun daga wadda take tattali. Aka ajiye shi bayan zana a jikin sito.

Sai dai a ƙauyen nan, a shekarar nan, akwai yaran da ba su san dabino ba sai a bakin malami in yana karanta falalar buɗa-baki da shi.

Ranar ta zo da zafin da ya fi na kullum. Bayan azahar mutane suka fito daga cikin kunya, gumi ya zana musu gishiri a bayan riga, suka yi layi. Ina miƙa tsakuwa, Kwamared yana miƙa dabino. Na ga yadda hannuwa ke karɓa: tsakuwar a yatsu, dabinon a tsakiyar tafi, a rufe. Helman Garba yana tsaye gefe yana murmushi.

"Madalla. Yau kowa da abin buɗa-baki. Da magariba zan zagayo mu sha ruwa tare, in ga wanda nasa ya faɗi a hanya."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta wuce haƙora.

Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa shiga bayan zana. Wasu suka daɗe a ciki fiye da yadda jefa abu a tulu ke bukata. Tanko ne ya kawo Baba Ila a keke. Baba Ila ya dogara sanda ya shiga, ya fito nan da nan, ya yar da tsakuwarsa a gaban kowa kamar mai yar da ƙwallon goruba.

Da la'asar na shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa, na kifa tulun. Dusa ta fara zubowa, sai tsakuwa, sai tsakuwa, sai tsakuwa. Na girgiza shi, na zura hannu. Dabinon da na tsinto bai cika tafin hannuna ba. Ba a bukatar ƙirge, amma na ƙirga, domin abin da aka kira ni in yi ke nan. Manaja ya yi hamdala ya shiga mota. Babu wanda ya dubi wani, kuma babu wanda ya dubi inda Baba Ila ke zaune. Kwamared ya tsuguna yana kallon tarin jar tsakuwar nan, bai yi fushi ba. Ya ce da ni a hankali, "Malam, na manta wa na ba dabino, kuma a wane wata."

Sai daga baya, a hankali, a bakin rijiya da wurin zaman makoki, na ji abin da ya faru a bayan zanar. Akwai waɗanda da gaske ba sa son ƙungiyar, sun auna sun ga ba ta yi musu ba, kuma haƙƙinsu ne. Akwai waɗanda maganar helman ta bi su har gaban tulu. Wani dattijo ya rantse mini da niyyar dabino ya shiga, amma hannunsa ya ƙi: shi tun da aka haife shi bai taɓa jefa abinci cikin duwatsu ba, balle a watan azumi. Mafi yawansu kuwa lissafi ɗaya suka yi, kowa shi kaɗai a bayan zana. Ai an gama magana, kowa dabino zai jefa, tsakuwata guda ba za ta rage komai ba. Ga yarinya a gida da ta tashi daga ƙyanda, ga tsohuwa da ba ta iya haɗiye kwaɗo. Tanko matarsa na da tsohon ciki, ta kwana biyu tana cewa bakinta ɗaci.

Da yammar ranar ina zaune da Baba Ila da Kwamared a ƙofar gida, muna jiran kiran salla. Hadari ya haɗu ya watse kamar kullum. Sai ga Tanko. Ya yi sallama ba tsokana, ya tsuguna, ya zaro abu daga aljihu ya ajiye a bakin tabarma.

Baba Ila ya ce, "Wannan fa?"

"Ƙuri'ata ce. Ɓatan hanya ta yi."

"Kai dama tun muna yara sai liman ya sallame kake shiga sahu."

Tanko ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Ya zauna ya sunkuyar da kai. Can sai ga wani, ya gai da mai ƙafa, ya tambayi jiki, ya ajiye nasa ya wuce. Sai wani. Ba duka suka zo ba, amma kafin ladan ya ɗaga murya an tara ɗan tudu a bakin tabarmar. Babu wanda ya ce komai game da tulu. Baba Ila ya kira Iya Abu daga bakin zaure ya ce ta kwashe ta raba wa yaran unguwa, na Tanko kuma a mayar wa matarsa. Mu muka sha kunun tsamiya. Kwamared ya kwana a shagona, da safe ya hau motar gawayi ya tafi, ban sake ganin sa ba.

Ruwa ya dawo a goman ƙarshe, da ƙarfi, har katangu suka zube. Aka yi Sallah a cikin taɓo. Alhamis ta farko bayan Sallah, Iya Abu ta wanke kwanon awo ta kife shi a kan rumbu. Gadin sito kuwa aka ba wani ɗan'uwan helman mai lafiyayyun ƙafafu biyu, wanda ya yi suna wajen barci.

Amma safiyar Juma'ar da ta biyo, na ji motsi a bayan gida. Mutanen gonar kamfani ne, kowa da fartanyarsa, Tanko a gaba, suka nufi 'yar gonar Baba Ila. Gayya suka yi masa, ba kiɗa ba fura, suka yi maimai suka tafi masallaci. Suka dawo suka yi huɗa. Ranar awo kuma, in sun biyo ta ƙofar gida, wannan ya zuba tafi ɗaya a ƙwaryar Iya Abu, wancan ya zuba biyu. Da haka gidan ya rarrafa har ranar da aka gasa tumun farko, ƙamshinsa ya cika tsakar gida, ƙaramar 'yarsu ta ƙone baki don ta kasa jira.

A shekara ta biyu rabinsu suka zo gayyar. A ta uku Tanko ne kaɗai. Ba mugunta ba ce. Kowa da gonarsa da nasa bakunan, kuma babu inda aka rubuta cewa dole ne. Baba Ila ya koma tufkar igiya, ana kai masa kasuwar Rogo, da ita ya aurar da 'ya'yansa. Ya yi tsawon rai, kuma har ya rasu ban taɓa jin ya ambaci tulun ba.

Na gaya wa Rabi cewa ni ba zan ce mata ta dangwala nan ko can ba. Ƙungiyar da na zauna a cikinta ta taɓa tsaya mini a ranar da ba ni da kowa, ta kuma taɓa yankar mini albashi shekara guda ban ga ko inuwar wakili ba. Na ce ta yi tambayoyin Tanko, domin ba su tsufa ba: wa zai yi magana da yawunsu, a cikinsu yake ko sai an yi masa waya, matan ɗinkin buhu da masu aikin yini suna cikin yarjejeniyar ko rakiya suka zo, wa ke da ikon cewa a ajiye aiki. Ta duba wa ke tsaye a ƙofar ɗakin ƙuri'a, da abin da zai iya ganewa bayan an fito. Dabinon kamfani ta ci abinta, kyauta ce, ba a sayi komai da ita ba. In ta shiga bayan labule kuma, kada ta yi lissafin cewa sauran sun riga sun jefa mata. In da hali ma, su nemi a yi ƙuri'ar bayan an sha ruwa.

Sannan ta ce akwai wata a ɓangarensu, uwar marayu, da ƙaiƙayin shinkafa ya kama wa ƙirji, takan fita bayan sito ta yi tarinta don kada a ji. Na ce to ashe suna da nasu Baba Ilan. Ta ce Asabar za ta biya ta gidanta su tafi tare.

Ladan ya kira. Ta ɓare dabino ɗaya ta miƙo mini, ta ɗauki ɗaya. Bayan mun sha ruwa ta dube ni.

"Baba, shi dabinon nan da ya kayar da ƙungiya guda, ya yi daɗi kuwa?"

Na ce mata ai dabino mai araha Kwamared ya iya saya, wanda ya shekara a kanti. Da Iya Abu ta ɓare su za ta raba wa yara, ƙwari sun riga sun cinye cikin. Akuya aka zuba wa.